Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga hukumomin ilimi na jihar Damagaram a kan wayar da ke aljihun ɗalibai

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da ban girma, da fatan kun tashi lafiya, ku da iyali da dukan waɗanda ke aiki a ƙarƙashinku. Allah ya taya ku riƙo.

Ni mushen lissafi ne, wato malamin lissafi, a wata kwalejin gwamnati a cikin garin nan, shekarata 14 ke nan hannuna cikin alli. Na san hanyar da takarda ke bi in ƙaramin ma'aikaci yana da magana: ya miƙa wa darakta, darakta ya kai wa sufeto, ta hau sama. Ban raina wannan hanya ba. Na dai zaɓi in rubuta a fili, da Hausa kuma, saboda maganar ta shafi mutanen da ba su taɓa taka ƙofar ofishinku ba, irin uwar da ke suyar awara a Garin Malam, wadda ɗanta ke ɗauke wayarta da sassafe ya zo da ita lakwal.

A zangon karatun da ya wuce na ba ƴan ajin da ke shirin BEPC, jarrabawar gama kwaleji, aikin gida a kan ƙa'idar Thalès. Yara 83 ne a ajin. Na zana siffa mai kusurwa uku a allo, na rubuta cewa tsawon gefe ɗaya santimita 7 ne, yankin da aka ɗebo a cikinsa kuma santimita 4. Kashegari da dare ina zaune a tsakar gida ina gyaran kaye, wato littattafan rubutun yara, da fitilar waya, don an ɗauke wuta, sai na yi ta cin karo da amsa iri ɗaya har a kaye 19. Aiki tsaf, layi bayan layi, ko ni sai na nutsu zan jera shi haka. Amma duka kuskure ne, domin kowanensu ya sa 1 a inda na rubuta 7.

Da safe na tambayi ajin, aka yi tsit. Can wani yaro, Allah ya yi masa albarka don ya faɗi gaskiya, ya ce shi ne ya ɗauki hoton allon, ya ba wata manhaja mai warware lissafi daga hoto. Rana ta haske allon ta taga, ɗan layin da muke gittawa a cikin 7 bai fito ba, manhajar ta karanta 1. Ya tura amsar a gurup ɗin WhatsApp na ajin, sauran suka kwashe.

Satar amsa ba baƙuwa ba ce. Mu ma a zamaninmu an yi ta a gindin bedi kafin a buga ƙararrawa. Abin da ya hana ni barci shi ne, a cikin yara 19 babu ɗaya da ya dubi zanen ya ce, to ta yaya yanki mai santimita 4 zai fito daga cikin gefe mai santimita 1? Sun fi yarda da abin da waya ta faɗa a kan abin da idonsu ke gani. Kuma ku lura, ranku ya daɗe, wannan ya faru ne a makarantar da dokarta ta hana zuwa da waya kwata-kwata.

A cikin wannan ajin dai akwai wata yarinya da ta yi mako biyu ba ta zo ba. Mahaifiyarta ta haihu, jiki ya ƙi daɗi, aikin gidan duka ya dawo kanta, har da neman ruwa. Ba sai na gaya wa ɗan Damagaram abin da neman ruwa ke nufi a watan Afrilu ba. A lokacin na fara wata ƴar al'ada: bayan sallar isha'i sai in ɗauki muryata a waya na kamar minti goma, in maimaita darasin ranar da Hausa, kalmomin lissafin kuwa in bar su da Faransanci yadda za su zo a jarrabawa. Yayan wata ƙawarta ya tura mata waɗannan muryoyi ta Bluetooth zuwa ƙaramar wayar mahaifiyarta, irin mai maɓallan nan da ba ta san intanet ba. A layin famfo take sauraro, bidodinta a jere a gabanta, tana zana siffar a ƙasa da tsinke. Ranar da ta dawo na fitar da ita allo, ba don in kunyata ta ba, don in ga inda zan tayar mata. Ta warware aikin har ƙarshe. Na ce, ke a ina kika koya? Ta ce, “Mushe, sau shida na saurare ka. A aji ai sau ɗaya kake faɗi.”

Wayar da ta makantar da yara 19 ita ce ta riƙe wannan yarinya a karatu. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Waya ta riga ta shiga makarantunmu, ba ta nemi izinin kowa ba, mu kuma har yanzu abu biyu kawai muke yi: mu ƙwace ta in mun gani, ko mu zauna jiran ranar da wata ƙungiya za ta kawo mana na'urori a kwali.

Ƙwacen ban ce a daina ba. Ni ma ba na son in juya ina rubutu a allo, na baya suna kallon TikTok. Faransa ma, wadda muka gaji wannan tsarin karatu daga hannunta, ta hana waya a firamare da kwaleji tun 2018. Sai dai yaron can in ya ajiye waya littafi zai ɗauka. A ajina littafin lissafi ɗaya yara huɗu ko biyar ke leƙe, kuma ba ya kwana a gidan kowa. Hoton shafin da yaro ya ɗauka a waya, shi ne littafinsa na dare. Sannan wayar da ke kwance a akwatin teburin sirbeyan, mai sa ido a kan ɗalibai, har kwana uku sau da yawa ba ta yaron ba ce. Ta uwarsa ce, a ciki masu sayen kayanta ke kiranta, a ciki ɗanta da ke ci-rani a Aljeriya ko Libiya ke jin muryarta. An hukunta yaro, amma tukunyar gidan ce ta ji a jikinta.

Jiran kwali kuwa na ga ƙarshensa. A wata makaranta da na yi aiki a ƙauye kafin a maido ni gari, wata ƙungiya ta kawo ƙananan kwamfutocin hannu guda 30. An kafa rumfa, an yi jawabi, an ɗauki hoto, baƙi sun sha lemo sun tafi. Aka sa darakta ya sa hannu cewa duk wadda ta lalace a wuyansa take. Me kuke tsammani bawan Allah zai yi? Ya kulle su a kabad, ya sa makulli a aljihu. Zafin bazara ya bi ta kansu shekara biyu. Ranar da aka buɗe, baturan wasu sun kumbura kamar fanke, cajojin sun ɓace, kalmar sirrin buɗe su kuma ta tafi tare da saurayin da ya zo ya horar da mu na kwana biyu. Ban ga laifin daraktan ba. An ba shi doki ne ba a ba shi harawa ba.

Kuma ba yau ƙasar nan ta fara gwada na'ura a aji ba. Tun 1964 aka fara koyarwa ta talbijin a Yamai, abin da ya sa aka riƙa zuwa daga ƙasashe ana kallon Nijar. An yi aiki mai kyau, amma bai taɓa kaiwa ga yawancin yaran ƙasa ba, daga baya aka bar shi, kayansa suka zama tushen gidan talbijin na ƙasa. Ina ganin duk wanda zai sa hannu a wata sabuwar yarjejeniyar kawo na'urori ya kamata ya fara tambaya, in baƙin sun tafi wa zai biya kuɗin gyara, kuma ina mai gyaran yake.

To ga abin da nake roƙo, kuma ba ya bukatar jirgin sama ya sauka da kaya.

Ku taka zuwa bakin Kasuwar Dole ko tasha, ku tsaya ku kalli samarin nan masu kwamfuta a kan ɗan tebur, waɗanda ke zuba wa mutane waƙoƙi da finafinan Kano da wa'azi a katin memwar. Fim ya fito yau, kafin mako ya zagayo yana Mirya, yana Magarya, yana Matamaye, ya kai Tanut da Gure, daga kati zuwa kati, daga waya zuwa waya ta Xender da Bluetooth, ba tare da kowa ya sayi forfen intanet ba. Babu wani ofishi a jihar nan da ke iya raba takarda da wannan sauri. Malaman addini sun riga mu gane haka, shi ya sa za ka tarar da mai ɗinki a Zango yana bin tafsiri tun daga Baƙara har Nasi a cikin wayar da ba ta kai jika goma ba. Mu ƴan boko ne kawai muka tsaya muna kallo.

Tunda lissafi ne sana'ata, bari in yi shi. Darasin murya na minti goma, in aka matse shi yadda ya dace, ba ya wuce mega 3. Giga ɗaya ke nan na ɗaukar darasi sama da 300. Ƙaramin kati mai giga 8 zai haɗiye lissafi da kimiyya da Faransanci da tarihi na ajin BEPC gaba ɗaya, a ƙara tsofaffin tambayoyin jarrabawa da gyaransu, har wuri ya rage. Bidiyo shi ne mai cin wuri da forfe, shi ya sa na fi ƙarfafa murya da hoton shafi. Wani abu ɗaya da na koya da wahala: saƙon muryar WhatsApp, wanda muke cewa vokal, ƙananan wayoyi da yawa ba sa iya buɗe shi in an tura musu kai tsaye, sai an mayar da shi MP3. Aikin minti biyu ne a kwamfuta, amma shi ne bambanci tsakanin darasin da zai tsaya a hannun ƴaƴan ma'aikata da wanda zai kai gidan mai ga-ruwa.

Abin da ni ba zan iya ba, ku za ku iya. Ni mushe ɗaya ne, ina iya yin kuskure, kuma muryata ba ta da hatimi. Ku kuna da sufetoci da masu ba malamai shawara. Ku zaɓo gwanayen kowane fanni a jihar, kun san su ai, kowace makaranta an san wanda in ya yi bayani ko bango sai ya gane. A ba su ɗaki mai shiru a lokacin hutu, su ɗauki darussan bisa tsarin karatu na ƙasa, sufeto ya saurara ya tantance, a sa wa kowane darasi lamba da suna a sarari, a farkonsa a faɗi cewa daga hukumar ilimi ta jiha yake kuma ba na sayarwa ba ne. Daga nan a kira masu zuba waƙa a kati, a ba su kyauta, su karɓi ɗan ladan turawa da suka saba karɓa. Ga masu babbar waya a haɗa musu da abubuwan da ke aiki ba rezo: GeoGebra don zane-zanen lissafi, Kiwix da ke ɗauke da Wikipedia a cikin waya, da bidiyoyin Khan Academy da aka riga aka mayar Faransanci.

Maganar harshe kuwa, a nan ne zan ɗan daɗe, domin ta fi ci mini rai. Yaran da ke faɗuwa lissafi a ajina, rabinsu ba lissafin ne ya kayar da su ba, Faransancin da aka naɗe tambayar a ciki ne. Yaron da ke ba da canji a shagon ubansa, yana juya dala zuwa faran a ka ba ya kuskure, shi ne zai zauna ya zuba wa takarda ido don bai gane jimlar farko ba. In na faɗa masa da Hausa, sai ya ce, au, da ma wannan ake nufi? Garin nan ba baƙo ba ne a wannan fage. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973, da Hausa. Ga shi kuma kundin sake gina ƙasa da aka fitar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma na aiki. Buga littattafai da horar da malamai zai ɗauki shekaru, na sani. Ɗaukar murya ba ya jiran maɗaba'a. Kuma jiharmu ba Hausa kaɗai ake ji ba; darasin da aka tsara sau ɗaya, malami Babarbare ko Bafillace ko Buzu ko Batube zai iya sake ɗaukarsa da harshensa don yaran Gure da Tesker da Tanut.

Roƙo ɗaya dai: a zauna a daidaita kalmomi. Yanzu kowane mushe yana ƙirƙirar tasa Hausar lissafin, ni in ce kusurwa, na ajin kusa ya ce lungu, yaro ya rasa na kamawa. A kuma koya wa malamai saka haruffanmu a waya. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ duk suna ciki, amma ko cikin malamai kaɗan ne suka san da haka. Wani darakta ya taɓa rubuta wa iyaye a gurup cewa gobe muna da baki a makaranta. Wani dattijo ya amsa masa da cewa, da can da me kuke magana? An yi dariya, amma yaran da ke karanta irin wannan rubutu kullum haka za su tashi suna yi.

Sai na'urorin nan masu amsa tambaya, da ake kira ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT ya fito ne a ƙarshen 2022, yau ga shi a bakin ƴan lise kamar sunan maƙwabci. Yawancin abokan aikina tsoronsa suke, wasu kuma ba su ma san ɗalibansu na amfani da shi ba, suna ta ba da maki 18 a kan rubutun da yaro bai iya karanta shi da ƙarfi ba. Abin da ya kamata kowane malami ya sani shi ne, wannan abu ya koyi jera kalmomi ne daga tulin rubuce-rubucen mutane, yana hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. Shi ya sa yake faɗin gaskiya da ƙarya da murya ɗaya, ba ya inda-inda, ba ya sunkuyar da kai. Ka tambaye shi labarin Faris ya zuba maka, ka tambaye shi unguwannin Birni ko jerin sarakunan Damagaram, nan ne za ka ga yana iya haɗa maka dawa da gero, domin abin da aka rubuta a kanmu a intanet kaɗan ne. Wannan ma aiki ne da ke jiran ɗaliban Jami'ar André Salifou: akwai Wikipedia ta Hausa, ƙofarta a buɗe take, garin da ya riƙe babban birnin ƙasa har 1926, garin Sarki Tanimun da ganuwarsa, bai kamata a bar wasu su riƙa ba da labarinsa a gurguje ba.

Ni ga yadda na yi da kaye 19 ɗin nan. Ban ba kowa sifiri ba. Na kwafe amsar manhajar a allo yadda take, na ce wa ajin, yau ku ne masu gyara, ku nemo inda na'ura ta faɗi. Aka yi ta gardama kusan rabin awa. Wata yarinya a bencin baya ce ta fara cewa, mushe, ai yankin ya fi uwarsa tsawo. Ban taɓa ganin ajin ya fahimci Thalès kamar ranar ba. Tun daga nan aikin gida ya rage nauyi a wurina, maki na gaskiya sai a gaban allo, yaro ya yi bayani da bakinsa. Ba wata hikima ba ce, dole ce ta koya mini. Amma me zai sa kowane malami sai ya yi tuntuɓe shi kaɗai kafin ya gano? A makarantar horar da malamai ta Askia Mohamed da ke nan garin, da tarukan CAPED na ƙara wa juna sani tsakanin malamai, da zaman malaman fanni ɗaya a kwalejoji, a ware lokaci a yi wannan magana da waya a hannu, ba da takardar jawabi ba. Wanda zai koyar ma ba sai an ɗauko shi daga Yamai ba. Cikin samarin malamai ƴan kwantaragi akwai waɗanda suka fi mu sanin kan abin nesa ba kusa ba.

Akwai wata magana mai nauyi da ba a son faɗi, ni zan faɗa. Gurup-gurup ɗin WhatsApp na azuzuwa sun yawaita ne tun 2020, lokacin da korona ta sa aka rufe makarantu daga Maris zuwa farkon Yuni. An buɗe makarantu, su ba a rufe su ba, kuma har yau babu wata ƙa'ida a rubuce da na sani a hannuna. Lambar yarinya ƴar shekara 15 tana gaban samari 50 da malamai maza goma. Mafi yawan malamai mutanen kirki ne, amma wake ɗaya ke ɓata gari, kuma in uba ya ga saƙon “kin yi barci?” da ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ba wayar kaɗai zai karɓe ba, lakwal ɗin ma ta ƙare ke nan. Mun sha wahala kafin iyaye su yarda su bar ƴaƴa mata su kai ajin BEPC, kada waya ta mayar da mu baya. Shafi ɗaya ya isa: kowane gurup na aji a sa uwa ɗaya daga ƙungiyar iyaye mata a ciki, malami ba ya tura wa ɗaliba saƙo a keɓe, ba a tura komai bayan isha'i ya yi nisa, kuma duk sanarwar da aka sa a waya dole a rubuta ta a allo, don kada marar waya ya zo ya tarar an yi jarrabawa jiya. Haka nan a daina watsa jerin sunayen yara da makinsu da ranar haihuwarsu a gurup ɗin da ba a san iyakar wanda ke ciki ba. Tun 2017 ƙasar nan ke da dokar kare bayanan mutane. Yaro ma mutum ne.

In jarrabawa ta matso kuma, ƴan damfara ke fitowa kamar cinnaku bayan ruwa. Sai a turo wa yara cewa ga tambayoyin BAC ko BEPC sun fito, a aiko da jika biyu a buɗe maka. Wasu su turo adireshin neman tallafin karatu a waje na ƙarya, a karɓe hoton takardun yaro. Ga manhajojin cacar ƙwallo da suka mamaye fada-fada, inda kuɗin karin kumallo ke narkewa kafin shayin farko ya nuna. Sanarwa ɗaya daga bakinku a gidajen rediyon garin nan kafin watan Yuni, da Hausa, cewa hukuma ba ta sayar da tambaya kuma duk wanda ya ce yana da ita ɓarawo ne, za ta tsirar da kuɗin iyaye da yawa.

Wuta da rezo ba a hannunku suke ba, ban manta ba. Duk mun ga abin da ya faru a watan Agusta na 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu bayan takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa duk tsarin da sai da wuta da intanet dare da rana zai yi aiki, ba namu ba ne tukuna. Amma faifan hasken rana ɗaya da batir a ofishin darakta, a hannun kwamitin CGDES mai kula da tafiyar da makaranta, zai caja wayoyin malamai, in maƙwabta sun kawo tasu su biya ɗan abin da suke biya a kasuwa, a sayi alli da shi. Starlink ya shigo ƙasar a 2025. Ban ce a kafa shi a kowace makaranta ba, kuɗinsa ba na wasa ba ne, amma wuri ɗaya a kowace gunduma inda malamai za su je su sauke kaya su koma da shi a kati, wannan abu ne mai yiwuwa. Kamfanonin waya kuma, Airtel da Moov da Zamani da Niger Telecoms, tare da hukumar ARCEP da ke sa musu ido, ku ne ke da bakin da zai kai musu roƙo ta Yamai: a yi wa malamai forfe mai rahusa, ko a bar shafi ɗaya na darussa a shiga kyauta. Yau malamin da ke tura wa yara darasi daga aljihunsa yake biya, har da ɗan kwantaragin da abin hannunsa ba ya kai shi ƙarshen wata.

Na san abin da wani zai ce: yara na zaune a ƙasa a ajin zana, iska na kwashe rufi, kai kana maganar waya? Gaskiyarsa. In aka ce in zaɓa tsakanin aji na siminti da katin memwar, ko tsayawa tunani ba zan yi ba. Amma ba a sa mu zaɓa ba, don kuɗin aji ɗaya ya isa a ɗauki darussan jiha gaba ɗaya, kuma yaran ajin zanar nan su ne aka fi jinkirta wa komawa karatu har sai an gama girbi an samu kara. Su suka fi kowa bukatar darasin da zai bi su gida.

Ni dai na fara da ɗan abin da nake iyawa. Darasi 41 ke cikin katin da ke aljihun rigata yanzu, na ajin BEPC, daga farkon shekara zuwa inda muka tsaya. Duk sufeton da kuka ga dama ku turo, zan ba shi ya saurara ya yi mini gyara, in ya ga bai dace ba ya faɗa mini a gaban idona. Sai dai ya yi haƙuri da darasi na 12, akuyar maƙwabcina ta yi ta kuka tun daga farko har ƙarshe, kuma ban samu daren da zan sake ɗaukarsa ba.

Allah ya ƙara muku lafiya. Wassalam.

Naku,
wani mushen lissafi,
Damagaram